Hannun da Ya Rage wa Baba

Ciwon ya sami Baba a maƙera, da hantsi, yana tsakiyar dukan bakin garma. Ni ke zuga mashi wuta. Tun da na gama sakandare aikina ke nan, don ban iya komai a ƙira ba sai zuga. Na ga masabar ta suɓuce daga hannunsa ta faɗa cikin toka. Ya dube ta, ya dubi hannun kamar bai san mai shi ba. Sai ya kife a gefe.

A asibiti a Kankiya suka ce hawan jini ne, ɓarin jiki ya shanye. Na dama. Da muka dawo da shi gida Kafin Soli ƙafar tana ɗan jan ƙasa, bakin ya karkace amma ana gane maganarsa. Hannun kam ya tafi. Duk inda aka aje shi nan yake kwana. Hannun da ya sa ake cewa Dabo Maƙeri tun daga nan har Sukuntuni.

Sai maganar abinci ta taso. Baba ya ƙi ci da hagu.

Ranar farko Inna Turai, mahaifiyarmu, ta kawo tuwon dawa da miyar kuka ta aje gabansa. Ya dubi kwanon ya kau da kai. Ta wanke hannu ta ce bari ta ba shi a baki.

"Ni jinjiri ne?" in ji shi.

"To ci da kanka, Malam."

"Ɗauke."

"Ba ni ɗaukewa. Hannu biyu Allah Ya ba ka, Ya amshi guda. Wanda Ya bari na ado ne?"

"Na tsarki ne."

Ta ɗauke.

Kunu kaɗai ya yarda da shi. Shi ma sai an ɗora kofin bisa 'yar kujera gabansa, ya sunkuya ya kurɓa ba tare da ya taɓa ba. Rabi na shiga, rabi na bin gemu. In na kai hannu zan riƙe mashi sai ya harare ni. Nakan fita in ba shi wuri, don ba na son ganin wuyansa yana rawa bisa kofi.

Liman ya zo dubiya. Inna ta tare shi tun a zaure ta gaya mashi. Ya zauna ya yi wa Baba bayani a natse, cewa lalura ce, babu laifi ko kaɗan ga wanda damarsa ta mutu ya ci da hagu, laifin ma yana ga wanda ya bar kansa da yunwa. Baba ya saurara har ƙarshe.

"Na sani, Malam. Allah Shi saka da alheri."

Da azahar aka kawo dambu. Aka mai da shi yadda ya zo.

Mutum mai ƙirji kamar ƙofar zaure, sai ga ƙasusuwan wuyansa a waje. Maganin da aka ba shi na son abinci a ciki. In ya sha sai jiri ya kwashe shi. Da muka koma Kankiya a duba shi, ma'aikaciyar ta ja ni gefe ta ce in ya ci gaba a haka ba ciwon ne zai kashe shi ba. Na ce to.

Inna ta gwada faɗa, ta gwada lallashi. Har kuka ta gwada.

"Wai so kake ka tahi ka bar mani abin faɗi a gari? A ce matar Dabo ta bar shi da yunwa?"

"Ba wanda zai ce."

"Ni zan ce! Tsoho da taurin kai kamar uwar maƙerarsa."

Bai yi dariya ba. Da can yakan yi.

Wata rana bayan la'asar ya kira ni.

"Amiru."

"Na'am, Baba."

"Je maƙera. Cikin rufin, bisa ƙofa, akwai wata 'yar fata. Kawo mani."

Tun ranar da ya faɗi ban shiga maƙerar ba. Garmar na nan inda ya bar ta, bakinta rabi a daddake. Na laluba cikin karan rufin, ƙura da kashin ɓera suka zubo mani a ka, na zaro abin. Wata 'yar jaka ce ta fata, an ɗinke ta da hannu, da igiyar fata a bakinta. Daga tsohuwar fatar zuga-zugi aka yanko ta. Ta bushe ta ƙandare. Na gwada sa hannu ciki, yatsuna uku kawai suka shiga.

Na kai mashi. Ya amsa da hagu. Shi ne abu na farko da na ga ya amsa da ita. Ya juya jakar, ya sake juya ta, ya tura ƙarƙashin matashi. Na fito.

Inna na iske a madafa. Da na kwatanta mata abin sai muciyar ta tsaya a hannunta.

"Ashe bai yar ba," in ji ta.

"Ta mece ce?"

"Ta yayanka ce."

Inna ba ta faɗin sunan Yaya Bishir, ɗan fari ne. Baba ma haka. Duk tsawon rayuwata ban taɓa jin ɗayansu ya kira shi da suna ba. Kai, ko yaron nan, ko yayanka.

Na san Yaya bahago ne. Kowa ya sani. Na kuma san da dama yake ci, da dama yake gaisawa, kuma akwai wani tabo da ya zagaye wuyan hannunsa na hagu kamar awarwaro. Na ɗauka ƙuna ce ta maƙera.

"Tun yana rarrafe da ita yake kai wa komai," in ji Inna. "Aka buge, aka buge, bai bari ba. Kakarku ta ce a shafa barkono, ya yi ta kuka yana sosa ido. Sai babanku ya ɗinka wagga. In za a ci abinci a sa hannun ciki a ɗaure. In za shi makarantar allo a ɗaure. Daga baya ma sai aka bar kwancewa, don da an kwance ya koma. Bazara ce. Igiyar ta ci fata, wurin ya yi ruwa, yaron bai faɗi ba. Wari na ji."

Ta ci gaba da tuƙi.

"Ni na yanke igiyar da wuƙar kubewa. Babanku bai hana ni ba. Amma daga nan yaron bai ƙara kai hagu cikin kwano ba. Babanku ya ce kin gani, ya gyaru."

Sauran labarin na san shi, don ina firamare lokacin. Yaya ya girma a maƙera, awartaki a hagu, masaba a dama, yadda Baba ya zaunar da shi. Aikinsa ba ya kyau. Dukansa na zamewa, bakin fartanyarsa na fita a karkace. Baba na ce mashi mai sakakken hannu. Amma duk ranar da Baba ya tafi kasuwar Kankiya, Yaya na juya zama ya mai da masabar hagu. Wata rana wani manomi daga Sukuntuni ya dawo da garma a kafaɗa, ya ce irin wannan yake so a ƙara yi mashi, bai taɓa riƙe mai daɗinta ba. Baba ya karɓa ya duba sawun dukan. Maƙeri na gane inda duka ya fito. Ya ba mutumin wata, ya sa waccan cikin wuta, ya ce da Yaya ya zuga. Yaya ya zuga har ta yi ja. Baba ya daddake ta ta koma dunƙulen ƙarfe.

"A maƙerar ubana ba a duka da hannun tsarki," in ji shi.

Kafin damina Yaya ya koma Kusada ya koyi walda. Can ya yi aure. Yana zuwa da Sallah, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida Baba, ya wuce ɗakin Inna. Da muna asibiti ma haka ya yi.

Bayan tafiyarsa ni Baba ya damƙa wa masaba. Hannuna na dama ne, yadda yake so. Ƙarfen dai bai taɓa jin maganata ba. Ya gaji ya mai da ni zuga.

Washegarin ranar da na ɗauko jakar, na ari mashin na kama hanyar Kusada. Dawa ta fara ja a gonaki. Ban gaya wa kowa inda za ni ba.

Rumfar Yaya na bakin titi. Na iske shi tsugune gaban wata ƙofar gida ta ƙarfe, baƙin tabarau a ido, wuta na tartsatsi. Da hagu yake riƙe da abin waldar. Ɗinkin da yake ja a jikin ƙarfen ya miƙe sumul kamar an sa zare. Ya ɗago ya tura tabarau bisa goshi.

"A'a, ɗan boko! An sauke sakamakon jarrabawar ko har yanzu shina bisa wuta?"

"An sauke tun bara, Yaya."

"To?"

"Ya ƙone."

Ya yi dariya ya turo mani benci da ƙafa. Muka gaisa, ya tambayi Inna. Sai da ya gama da kowa, har awaki, kana ya ce, "Ya mai jiki?"

"Ba ya cin abinci."

"Ku mai da shi asibiti mana."

"Ba ciwon ba ne. Da hagu ne ba ya ci."

Ya tsaya yana kallona. Sai ya fashe da wata dariya mara daɗi, gajera, ta yanke da kanta.

"To mi zan yi mashi? In ara mashi hannuna na dama? Ai shi ma ba nawa ba ne, nashi ne."

"Liman ya yi magana. Inna ta yi. Ya rame, Yaya. Ba za ka gane shi ba."

"Ni ko da can ban gane shi ba."

Ya mai da tabarau ya koma kan ƙofar. Na zauna ina kallon ƙasa saboda hasken. Da ya ɗan tsagaita na ce, "Jiya ya sa na ɗauko mashi wata 'yar jakar fata daga rufin maƙera."

Bai juyo ba. Amma wutar ba ta sake tashi ba.

"Tana nan?"

"Tana ƙarƙashin matashinsa."

Ya aje abin waldar a hankali. Ya kama wuyan hannun hagun da ɗayan yana murzawa, ban jin ya san yana yi. Wata mota ta wuce da buhuna, ƙura ta rufe mu.

"Shi ya aiko ka?"

"A'a."

"Na sani. Tashi ka tahi, rana na yi. Ina da ƙofar mutane."

Na taso. Bai ce zai zo ba.

Bai zo ranar ba, bai zo washegari ba. Baba ya bar zama, sai kwanciya. Kunun ma kurɓa ɗaya yake yi ya koma. Inna ta bar faɗa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na ji tsayuwar mashin a ƙofar gida. Yaya ya yi sallama ya shigo da farar riga, hula a hannu. Ya gaida Inna.

"Inna, da sauran tuwo?"

"Tukunya cike. Mai ci ya ƙi."

"Zuba mani a kwanonsa."

Ta dube shi. A gidanmu ɗa ba ya cin kwano ɗaya da uba, balle ɗan fari. Amma ta zuba.

Ya ɗauki kwanon da kansa. Wannan karon bai tsaya bakin ƙofa ba. Ya shiga har gaban tabarma, ya ce in taya shi mu tada Baba. Muka jingina shi da bango. Ba shi da nauyi. Baba ya dube shi, ya dubi kwanon.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baba. Ya jiki?"

"Da godiya."

Yaya ya zauna suna fuskantar juna, kwano a tsakiya. Ya jawo ruwa ya wanke hannu, duka biyu. Ya naɗe hannun riga na hagu har gwiwa. Tabon ya fito fili. Ya yi bisimilla ya kai hagu cikin tuwon.

Na zaci zai ci cikin sauƙi, tunda hannunsa ne. Ina! Ya gutsuro, tuwon ya farfashe a yatsunsa. Ya tattara ya kai cikin miya, rabi ya tsaya can. Abin da ya kai baki bai kai loma ba, miya ta biyo hannun ta gangara ta kan tabon ta ɗiga a farar rigar. Ya sake gwadawa. Haka dai.

Baba na kallo.

"Ci da wanda ka saba," in ji shi.

"Ban san wanda na saba da shi ba, Baba. Wanga ya iya aiki, bai san hanyar baki ba. Wancan ya san hanyar baki, amma ban taɓa jin ni ke ci da shi ba."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Kamar yana ba da labarin wani. Ya sake gutsurowa, ya sake farfashewa.

Baba mutum ne da ba ya iya ganin ana aiki ba daidai ba ya yi shiru. Ko ɗaurin akuya ne sai ya gyara. Na ga yana ta haƙuri, yana kau da kai, yana dawowa.

"Kana matsewa da yawa," ya ce a ƙarshe. "Ba awartaki ba ne."

"To."

"Babban yatsa. Danna tsakiya da babban yatsa, ka yi mashi gurbin miya."

Yaya ya danna, lomar ta rabe biyu.

"Kai! Ba haka ba."

"Nuna mani."

Baba bai taɓa koya wa kowa abu da baki ba, sai dai ya ƙwace ya yi ka gani. Kafin ya yi tunani hannunsa na hagu ya riga ya tashi. Yaya ya tara mashi ruwa ya tsoma. Ya kai cikin kwanon ya gutsuro. Hannun da ya shekara da shekaru yana juya jan ƙarfe ne, bai yi rawa ba. Ya mulmula a tafi, ya danna tsakiya, ya ɗebo miya.

"Ka gani?"

"Na gani."

Sai ga lomar a hannunsa, tsakanin kwano da baki. Ya tsaya yana kallonta. Ba a mai da loma cikin kwano, ba a kuma yar da ita. Inna na bakin ƙofa da gefen zane a baki.

"Bismillahi," in ji Baba.

Ya daɗe yana taunawa. Ruwa na fita daga idonsa na dama, amma tun da ciwon ya same shi idon ke yin haka, don haka ban sani ba. Ya haɗiye. Yaya bai ɗago ba, ya ci gaba da fama da nashi. Baba ya sake kai hannu.

Bai ci da yawa ba. Da ya janye, Yaya ma ya janye. Inna ta shigo ta kwashe kwanon da sauri kamar wani zai ƙwace abin da aka riga aka ci.

Baba ya laluba ƙarƙashin matashi ya fito da jakar. Ya aje ta bisa tabarma tsakaninsu. Yaya ya ɗauka da yatsu biyu ya ɗaga ta wajen haske.

"Ashe ƙarama ce haka."

"Ƙarama ce," in ji Baba.

Na jira ya ƙara wani abu. Ina jin Yaya ma ya jira. Bakin Baba ya motsa, amma abin da ya fito daban ne.

"Maƙerar na nan. In aka mai da wutar ɗaya gefen, aka juya zuga-zugin, mutum na iya zama yadda ya so."

Yaya ya aje jakar inda ya ɗauke ta.

"Ina da ƙofofin mutane a Kusada, Baba. Da iyali."

"Na sani."

"Na manta ƙira ma."

"Ba a mantawa."

"Ni dai na manta."

A waje kaza na tonon ƙasa. Can Yaya ya sauke hannun rigarsa ya rufe tabon, ya ce zai koma kafin la'asar. Inna ta ce ya tsaya ta wanke mashi miyar da ke rigar. Ya ce a bar ta, a gida a wanke. Na raka shi har mashin. Ya taka, ya ce, "Ka riƙa aje mashi kwanon ta gefen hagu, kar ya riƙa miƙa." Ya tafi.

Baba na ci yanzu. In da baƙi yakan juya ya fuskanci bango, amma yana ci. Wuyan ya cike, yana fitowa zaure da sanda. Jakar ban sake ganinta ba. Inna ta ce ba ita ta ɗauka ba.

Da aka gama girbi ya sa na juya maƙerar duk da haka. Na tone sabon gurbin wuta a ɗaya gefen, na mai da zuga-zugin, yana zaune yana nuna mani da sanda. Da na gama na tambaye shi ko in hura. Ya ce a'a.

"Kai ba maƙeri ba ne, Amiru," in ji shi. "Nemi abin da hannunka ke so."

Babu zafi a muryarsa. Da ya faɗa wa wani haka tun da wuri, da yanzu akwai wuta a wurin.

Masu kawo gyaran garma na zuwa, ina tura su Kankiya. Yaya na zuwa da Sallah kamar da. Yanzu yana shiga ɗakin ya zauna kaɗan, su yi maganar ruwa da taki. Ba su sake cin kwano ɗaya ba.

Wani lokaci in na aje wa Baba abinci, sai ya tsaya da loma a hannu.

"Ka ce ƙofofi yake yi?"

"Ƙofofi, Baba. Da tagogi."

"Suna kyau?"

"Suna kyau ƙwarai."

"Da wane hannu?"

"Hagu."

Sai ya gyaɗa kai, ya kai lomar baki.